Amsa ga Malamin da ke son ɗora wasan bawan Rum a dandamali

Malam, tun jiya da daddare na ga tambayarka, na karanta ta sau uku, na kasa amsawa sai da na kwana. Ka ce ka kalli fim ɗin A Funny Thing Happened on the Way to the Forum, na 1966, kana so ka mayar da shi wasan dandamali da Hausa don 'yan ƙungiyar wasan kwaikwayon makarantarku, saura mako shida bikin yaye ɗalibai, yara sun haddace amma ba sa ba da dariya, kuma abokin aikinka ya ce a zubar da waƙoƙin, a ɗauke labarin daga Rum a kawo shi gida. Wallahi kamar labarina ka rubuta. Wannan wasan dai na ɗauka shekara bakwai da suka wuce, kuma har yau idan na tuna sai ƙirjina ya yi nauyi.

Abu na farko, don Allah, ka bar shi a Rum. Kada ka taɓa shi daga can. Ni ma an so a sa ni in kawo shi gida, na ƙi, kuma duk da na ƙi ɗin ka ji abin da ya same ni.

Yaron da na ba Sudolus, wato bawan nan mai wayo da Zero Mostel ya fito a matsayinsa, ɗan aji biyar ne, siriri, ba ya magana a aji. Amma idan ya yafa zanin gadon nan a kafaɗa sai ya koma wani mutum. Shi kaɗai a cikinsu ya gane abin da labarin ke ciki ba tare da na yi masa bayani ba: cewa duk ƙaryar da Sudolus ke shararawa, da cewa yarinyar da ɗan ubangijinsa ke so ta ɗauko annoba daga tsibirin Kirit, da sa babban bawan gidan, Histeriyom, ya kwanta a matsayin gawarta, abu guda yake nema, ɗan ubangijinsa ya 'yanta shi idan ya samo masa yarinyar. Na rubuta masa waƙar 'yanci da kaina, mai kalangu yana bin sa a hankali. Ranar da ya fara rera ta, 'yan matan da ke jiran fitowarsu suka daina hira.

To akwai wani malami da ya girme ni a aiki, wanda shugaban makaranta ya ɗora a kanmu wai ya riƙa sa ido. Bai taɓa zuwa gwaji ba sai saura kwana huɗu. Ya shigo da la'asar, ya zauna a benci na gaba yana danna waya. Yaron na tsakiyar waƙar, sai kawai ya ɗago ya ce, da ƙarfi, a gaban yara fiye da ashirin, ai wannan ba sai an koya masa bauta ba, gadon gidansu ne.

Yara suka yi dariya. Ba dukansu ba, amma sun yi. Mai kalangu ya tsaya. Yaron bai ce komai ba. Ya sauke zanin daga kafaɗarsa, ya ninke shi gida huɗu kamar yadda na koya musu su riƙa yi bayan gwaji, ya ajiye a kan benci, ya sa takalminsa ya fita. Ni kuwa ina tsaye da takarda a hannu, ban buɗe baki ba. Wannan shirun nawa shi ne ya fi ci na har yau, ya fi maganar mutumin. Na ji tsoron babba ne, na ji tsoron rahoton da zai kai, na ce bari a tashi in same shi a ofis. Da aka tashi yaro ya riga ya tafi. Na bi shi gida bayan magariba, mahaifinsa ya fito zaure ya karɓe ni da mutunci, ya ce Malam mun gode, amma ya gama wasa. Na koma washegari, na sake komawa, ban ma ga yaron ba.

Shi kuwa malamin, ko a jikinsa. Ya ce ai raha ce ya yi, yaran yanzu ba su da juriya. Raha! Mutum mai 'ya'ya, mai furfura a gemu. Kuma da yake ba wanda zai iya waƙoƙin sai yaron, sai ya ce dama ai waƙoƙin ɓata lokaci ne, a cire duka. Ya kawo wani yaro da ya saba ba 'yan aji dariya da gwalo da murguɗa baki ya ce shi zai yi Sudolus. A kwana uku. Ranar biki iyaye suka zauna suna fifita da takardar tsarin taro, yaron na ta tsalle yana zare ido, zauren shiru kamar ana jarrabawa. Mata suka fara fita ɗaya bayan ɗaya kafin a kai rabi. Ƙofar tsakiya ta ƙi buɗuwa a daidai inda tsohon mai gidan zai faɗo ciki. Bayan an tashi, a gabana ya gaya wa shugaban makaranta cewa dama ya faɗa mini kada in ɗauko wasan arna. Na ce na yafe masa, kuma ina roƙon Allah ya sa da gaske na yafe, amma ban sake gaishe shi da hannu biyu ba har na bar makarantar.

Shi ya sa nake ce maka Rum. Bawan Rum na zamanin Plautus, marubucin wasannin barkwanci na tsohuwar Rum, shekara dubu biyu da ɗari biyu baya, ba kakan kowa ba ne a zaurenka. Amma ka kawo labarin gida, ka ce bawa, ka ce kuyanga, ka ce ƙwarƙwara, ka ce gidan mai sarauta, to kowace kalma akwai gidan da za ta faɗa a kai, kuma yaran sun san gidajen fiye da kai. Ni da na bar shi a Rum ma an sami wanda ya jawo shi gida da bakinsa. Ka bar sunayen yadda suke, yara su furta su da harshensu. Nawa Sudolus suke cewa, da Histeriyom, da Likus mai gidan sayar da 'yan mata, ba wanda ya damu.

Batun rashin dariya kuma. Ban ga yaranka ba, amma na rantse ƙoƙarin ba da dariya suke yi, shi ne ya kashe ta. Ka zaunar da su ka nuna musu Buster Keaton a fim ɗin, tsohon nan Eroniyos da 'yan fashin teku suka sace wa 'ya'ya, wanda aka yaudara ya tafi zagaya tsaunukan Rum bakwai sau bakwai. Ba ya murmushi. Duk rayuwarsa ta fim an san shi da fuskar da ba ta motsi. Yana da shekara 70 lokacin, ciwon daji na cin huhunsa, ya rasu ranar 1 ga Fabrairu 1966, watanni kafin fim ɗin ya fito. Kowane wucewa da yake yi yana ƙirga zagaye, da gaske yake yi, don shi 'ya'yansa yake nema. Mu ne muke dariya, shi ba ya yi. Haka Mostel da Jack Gilford, mai yin Histeriyom: dukansu an sa sunansu a baƙin littafi a Amurka a shekarun 1950 bisa zargin kwaminisanci, suka yi shekaru ba a ba su aikin fim. Ni dai idan na kalli idon Mostel lokacin da ake zancen 'yanci, ina ganin mutumin da ya san yadda ake rufe wa mutum ƙofa. Ka gaya wa yaranka: wanda ke yin Histeriyom ya ji tsoron uwargida da gaske, wanda ke yin sojan nan mai cika baki ya yarda da gaske cewa ba kamarsa a duniya. Duk wanda ya kalli 'yan kallo yana jiran tafi, ka tsayar da gwajin a sake.

Kuma kada ka bi fim ɗin sawu da ƙafa, zai wahalar da kai. Richard Lester ne ya ba da umarni, wanda ya yi wa ƙungiyar mawaƙa ta Beatles finafinai biyu kafin nan, mutum ne mai son yanka hoto da sauri. A Sifaniya suka ɗauka, suka fita da labarin kasuwa da daji, suka ƙare da tseren kekunan doki. Kai ba ka da doki, ba ka da kyamara. Asalin wasan dandamalin na 1962 titi guda ne da gidaje uku: na Eroniyos, na Seneks (gidan su Sudolus), na Likus. Haka ma Plautus yake yi, titi da ƙofofin gidaje. Duk dariyar tana cikin wannan ya shiga daidai lokacin da wancan ya fito. Ka sami kafinta yanzu, ba saura mako guda ba. Ƙofofi na gaske masu buɗuwa da rufuwa, ba labule ba, don ƙarar rufewar ma tana cikin wasan. Ni kuɗin katakon daga aljihuna ya fita, an ce za a mayar mini, kun dai san sauran. Zannuwan gadon ma na maiɗakina ne, biyu ba su dawo ba, har yau takan tuna mini. Ka sa mai kalangu ya riƙa ba su ƙirga: bugu uku, ƙofa ta rufe, bugu ɗaya, ɗayar ta buɗe. Mako biyu kuna yin wannan kaɗai ba tare da magana ba, za ka ga bambanci.

Waƙoƙi, kada ka yarda a cire. Idan abokin aikinka ya matsa, ka ba shi wannan labarin. Lokacin da ake gwada wasan a Washinton a 1962 kafin a kai shi New York, mutane ba sa dariya, kujeru ba sa cika. Aka kira Jerome Robbins, gwanin tsara wasan dandamali, ya duba, ya ce waƙar buɗe fage ce matsalar, waƙar soyayya ce mai sanyi, 'yan kallo ba su san an ba su izinin dariya ba. Stephen Sondheim, mai rubuta waƙoƙin wasan, ya rubuta sabuwa wadda ke sanar da mutane tun farko cewa yau daren barkwanci ne. Wasan nan ya je aka nuna shi sau 964 a jere. Waƙa guda fa. Sauran waƙoƙin kuma hutu ne, don mutum ba zai yi awa biyu yana bin guje-guje ba tare da ya numfasa ba. Na ga abin da idona ranar da aka cire nawa: hayaniya ce kawai daga farko har ƙarshe, har kai ya yi ciwo. Gaskiya ne fim ɗin ya zubar da waƙoƙi da yawa, har da ta 'yanci, kuma duk da haka Ken Thorne ya ci Oscar a kan tsara kiɗan. Amma su suna da doki da kyamara da za su cike gurbin. Ni a ganina ma zubar da ta 'yancin kuskure ne babba.

Sai dai ka rubuta naka, kada ka fassara nasu. Na farko, wasan na 1962 yana da masu haƙƙi. Na biyu, karinsu ba zai zauna a bakin yaranmu ba. Plautus ya mutu wajen shekara 184 kafin haihuwar Annabi Isa, ba mai zuwa ya tambaye ka, kuma daga wasanninsa marubutan wasan na 1962, Burt Shevelove da Larry Gelbart, suka tsinto bawa mai wayo da soja mai alfahari da gidan da aka ce akwai fatalwa. Ka tsinta daga inda suka tsinta.

Gidan Likus ba sai na yi maka dogon bayani ba, ka ga fim ɗin, kada ma ka nuna wa yara wannan wurin. Ni dillalin bayi kawai na mayar da shi, 'yan matan a rufe ruf, ba rawa. Labarin bai rasa komai ba, tunda abin da ake bukata shi ne an sayar da yarinyar ga soja, sannan zoben nan mai zanen garken dinya ya tona cewa ita da sojan wa da ƙanwa ne, 'ya'yan tsohon. Inda Histeriyom ke shigar mace, ka lulluɓe shi da mayafi tun daga kai, yana kwance, ƙafarsa ta namiji kaɗai ke leƙowa, ya wadatar. Kuma jana'izar ƙaryar nan ka kiyaye kada ta yi kama da tamu ko kaɗan: ba farin likkafani, ba makara, ba sahu. Mutanen Rum ƙona gawa suke yi, sojan ma abin da ya nace a yi ke nan, to ka jibga itace a gefe, nan tsoron Histeriyom zai fito.

Yaron nan na gan shi bara a tasha, ya zama saurayi, yana sayar da kayan waya. Shi ya fara gaishe ni. Na so in ba shi haƙuri, bakina ya yi nauyi, sai kawai na sayi caja da ba na bukata. Da zan tafi ya ce Malam har yanzu ina tuna waƙar nan. Na shiga mota ina share ido.

Malam, kafin abokin aikin nan naka ya sake zuwa gwaji, ka same shi kai da shi, ka gaya masa duk gyaran da yake da shi a ofis zai faɗa maka, ba a gaban yara ba. Idan shugaban makaranta ne ya ɗora shi, ka je wurin shugaban yau. Kuma ka san wane ne ka ba Sudolus, ka san gidansu, ka je ka gaishe da mahaifinsa ka faɗa masa abin da wasan ya ƙunsa tun kafin wani ya riga ka. Rubutun nawa yana nan a tsohon littafin rajista, da waƙoƙi shida da ƙirgar ƙofofin. Ka yi mini magana ta gefe in ɗauki hotonsu in turo maka, ta 'yancin ce dai shafinta ya ɗan jiƙe, amma ana iya karantawa.