Amsa ga ƙaninmu mai tambaya kan ciwon suga da aikin soja

Assalamu alaikum. Wannan ta ƙaninmu ce da ya turo saƙo jiya da daddare, wai an gwada shi an ce yana da ciwon suga, wane magani zai riƙa tafiya da shi bakin daga. To ƙanena, na fa gane inda ka dosa. So kake ka ji ko za ka iya ɓoyewa kada likitan runduna ya sani. Kada ka soma. Kowace runduna da dokarta, amma galibi kwamitin likitoci ne zai zauna a kanka, ya duba ƙwaya kake sha ko allura kake yi, sannan ya yanke irin aikin da za ka iya. Mai ƙwaya wanda sugansa ya zauna daidai sau da yawa yana ci gaba da aikinsa. Mai allurar insulin ne aka fi hana wa zuwa daji, shi ma ba lallai sallama ba ce, ana iya sauya masa wurin aiki.

Abin da ya fi saurin kayar da mutum a fili shi ne faɗuwar suga. Ka sha magani da asuba, aka ce a fita sintiri, abinci bai iso ba, ga kaya a baya ga doguwar tafiya. Da suga ta sauka ƙasa da 70 mg/dL a na'urar gwaji, ko 3.9 in na'urarka lissafin mmol/L take yi, sai rawar hannu, zufa mai sanyi, gani dishi-dishi, saurin fushi, kai ya rikice. Kuma bindiga na hannunka fa! Nan take ka sha giram 15 na suga, wajen babban cokali ɗaya ke nan a ruwa, ka jira minti 15, ka sake gwadawa. In ba ta hau ba ka ƙara, in ta hau ka ci abinci sosai. Sugan nan ya kasance a aljihun kakinka, ba a jakar da ka bari a mota ba. Kuma wanda kuke gadi tare ya sani: in ka sume kada ya ɗura maka komai a baki, ya kwantar da kai a kan gefen jikinka ya kira likita. Ka ga wanda ya ɓoye, wa zai yi masa wannan?

Af, bari in gyara, ba kowace ƙwaya ke kawo faɗuwar ba. Metformin ita kaɗai ba kasafai ba. Irin su glibenclamide da gliclazide da insulin su ne. Matsalar metformin daban ce: in kana amai ko gudawa, jiki ya rasa ruwa, dakatar da ita ka nemi likita, saboda ƙoda.

Sai insulin, wanda kullum shi ke ba ni haushi. Kwalbar da ba a buɗe ba tana zama a firiji, digiri 2 zuwa 8. Wadda aka buɗe, yawanci kwana 28, muddin zafi bai wuce digiri 30 ba. Amma sai ka ga mutum ya jefa ta a gaban mota, rana ta dake ta yini guda, gobe ya yi allura suga ta ƙi sauka, ya ce maganin jabu ne. Ba jabu ba ne, kai ka dafa shi! Wani kuma wai dabara, ya manna ta jikin ƙanƙara ta daskare, ita ma ta tashi aiki ko ta narke. Babu firiji? Naɗe ta a jiƙaƙƙen ƙyalle, ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Rubuta ranar da ka buɗe a jikin kwalbar. Irin mai garau ɗin nan in ta yi duhu-duhu ko gudaji, jefar. Takardun gwajin ma zafi da laima na lalata su, rufe gwangwaninsu da ka zari ɗaya. Kuma ka ɗauki ninki biyu na abin da ka lissafa, don an ce mako 2 ne ba ya nufin mako 2 za a yi.

Maganar aikin dare da lokacin shan magani... wannan sai an san irin maganinka, mu bar shi. Ƙafa dai, kullum ka cire takalmi ka duba tsakanin yatsu da dunduniya, ka sauya safa, don ciwon na iya kashe jijiya bororo ya fashe ba ka ji ba. Gobe da safe ka kai takardar sakamakon gwajin nan asibitin bariki.