Ku Tambayi Bakanike: Dawo Da Tsohuwar Motar Kaya Yadda Ta Fito Daga Kamfani

Jama'a assalamu alaikum. Wasiƙun wannan makon kusan duk a kan abu ɗaya suka zo, wato tsofaffin motocin ɗaukar kaya da masu su ke son gyarawa har su kai matsayin shiga gasa a gaban alƙalai, shi yasa na haɗa guda huɗu wuri ɗaya.

TAMBAYA: Malam barka da ƙoƙari. Na samu wata akori-kura ƙirar Diamond T 201 ta 1948 a hannun wani dattijo, ta fi shekara talatin a ajiye cikin rumfa, inji baya juyawa, ƙasan ƙofofi tsatsa ta cinye amma dai kusan komai na jikinta yana nan. Burina ta shiga gasa. Yaran gareji sunce mu kwance ta gaba ɗaya mu kai a fesa mata yashi ya cire tsatsa da tsohon fenti. Ta ina zan fara?

AMSA: Ɗan'uwa don Allah ka ce wa yaran nan su ajiye sifana tukunna. Ka san abin da ke hannunka kuwa? Kamfanin Diamond T na Chicago ne a Amurka, wannan 201 ɗin daga 1938 zuwa 1949 aka yi ta kuma duka-duka wajen guda 7,000 ne suka fito, to kaga duk abin da ya karye ko ya ɓata a wajen kwancewa ba shiga shago zakayi ka sayo wani ba.

Aikin farko da kyamara ake yinsa. Ka ɗauki hoton komai, yadda waya ta bi ta jikin shasi, ta wane gefe kan noti yake kallo, inda aka sa wosha da inda ba a sa ba, har da rubutun alli ko na fenti da ma'aikatan kamfani suka bari a bangon da ke bayan inji idan ya tsira. Duk abin da aka cire a saka shi a leda a rubuta sunansa da inda ya fito, kuma kar a yar da komai ko da ya ruɓe, wannan ruɓaɓɓen roban ƙofar shi zai nuna maka siffar wanda zaka nema. Ka kwafi lambar da ke jikin farantin motar da ta inji, ka nemo littafin gyara da littafin kayan gyara na shekararta. Asalin launin fenti kuma yawanci yana ɓoye a inda rana bata taɓa gani ba, ƙarƙashin roban gilas, bayan dashbod, cikin ƙofa, in ka bari yashi ya bi ta wurin shikenan shaidar ta tafi.

Injin nata Hercules ne mai silinda shida, kar ka sa masa batir, kar kuma ku ja motar da wata ku saki kuloci wai don ya warware, haka ake karya ringi a lanƙwasa kwanrod. Cire fulogai ka zuba mai mara kauri a kowace silinda ka barshi ya jiƙa kwanaki, sannan a riƙa gwada juya shi da hannu kaɗan gaba kaɗan baya. In ya ƙi, dama ai buɗe shi za a yi.

Batun yashi, shasi da gatari da sifirin zasu iya ɗauka domin ƙarfensu mai kauri ne, amma bonet da rufi da fatar ƙofa in aka matsa musu yashi da ƙarfi sai su yi tudu da kwari kamar ruwa yana kaɗawa, kuma fitar da wannan ya fi gyaran tsatsar wahala. Waɗannan a yi musu da garin gilas ko soda da iska kaɗan, ko a bi su da maganin cire fenti a hankali. Da zarar ƙarfe ya fito tsirara a rufe shi da firaima ta efoksi a ranar, kwana ɗaya ma tsatsa ta fara dawowa.

Sai walda. Kafin a yanke ƙasan ɗakin direba a ɗaure shi da ƙarafa ta ciki gicciye, in ba haka ba zai murɗe ƙofofi su daina zama daidai har abada. Inda tsatsa ta ci yankewa ake yi a sa sabon ƙarfe mai kauri ɗaya da na asali, baki da baki, ana ɗiga walda nan a tsallaka can ana barin wurin ya huce. Wanda ya cusa bodi fila a rami ya shafe, bayan shekara biyu zai ga ƙuraje sun fito ta ƙarƙashin fenti. Kuma kafin fenti a haɗa motar duka a gwada, mudigad, bonet, ƙofofi, a ga ratar da ke tsakaninsu ta daidaita, sannan a sake kwancewa. Na sani aiki biyu ne, amma duk wanda ya taɓa ganin an karce sabon fenti wajen dannar ƙofar da ta ƙi shiga ba zai yi gardama ba.

Abu ɗaya da nake roƙonka saboda yaran nan: fentin wancan zamanin yana iya ƙunsar dalma, da dalma ma ake cike gaɓoɓin bodi a lokacin, takalman birki da faifan kuloci kuma akwai asbestos a ciki, wani ma'adini mai illa ga huhu, kar a hure ƙurarsu da iska, a jiƙa a goge. Sannan idan wilin irin mai zobe ne da ake rabawa biyu, a sauke iskar gaba ɗaya kafin a taɓa shi kuma a hura shi cikin keji, wannan zoben ya kashe mutane da yawa.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, tawa Chevrolet 3100 ce ta 1952 an gama walda saura fenti. Mai fenti yace ya yi mata na zamani mai kiliya a sama, wato shafi mara launi mai sheƙi, ta riƙa ɗaukar ido, katakon baya mu sa mai tsada mu shafa masa banish, giril da bamba kuma a kai a yi musu kurom. Ya kake gani?

AMSA: Alhaji ka fara tambayar kanka wace irin gasa kake nufi, domin iri biyu ne. Akwai ta motocin da aka ƙawata yadda mai su ke so, can ba mai hana ka. Akwai kuma ta asali, wadda ita nake jin kana nufi tunda ka sha wahalar nemo mota cikakkiya, a nan mai fentinka zai ja maka asarar maki ne da kuɗinka.

Ɗauki ƙungiyar masu tsofaffin motoci ta Amurka, AACA, da aka kafa a 1935. Mota tana shiga fili da maki 400 sai alƙalai su bi ta suna ragewa, wani yana duba waje wani ciki wani inji wani ƙarƙashi, kuma ma'auninsu shine yadda motar ta fito daga kamfani ta isa hannun dila. Sheƙin da ya wuce na asali baya ƙara maka komai, abin da kuma ba na shekarar ba ne ragewa yake yi.

To a 1952 motar aiki ce, fentin enamel ne shafi ɗaya, wannan mai kiliyar sai wajen shekarun 1980 ya zama ruwan dare. Katakon baya na Chevrolet itacen fain ne kuma baƙin fenti ake shafa masa, ba banish. Kurom ɗin ma ka yi hattara, shekarar motarka ta faɗo cikin yaƙin Koriya na 1950 zuwa 1953, lokacin an yi ƙarancin ƙarafan da ake kurom da su sai kamfanin ya koma fenta abubuwa da yawa da a baya suke sheƙi, don haka fentaccen giril a motar 1952 ba talauci ba ne tarihinta ne. Ni wallahi wannan ne ke burge ni a harkar, mota ta tsaya tana ba da labarin shekarar da aka haife ta.

Ƙananan abubuwa su ke kayar da mutane. Kan bol na yanzu yana da rubutu da alamomin da na da basu da shi, kilif ɗin tiyon lagireto na zamani daban ne, wayoyin wancan lokacin an lulluɓe su da zare ne kuma akwai masu saƙa irinsu sabbi, taya kuma ta wancan lokacin ba radiyal ba ce. Wasu har kan sabon bol suke gogewa su cire rubutun. Shi yasa nake cewa a wanke tsofaffin bol a sake amfani da su in dai ba na sitiyari ko birki ba ne da suka gaji. Ka kuma riƙe takardunka, in alƙali ya yi shakkar wani abu kai ne zaka nuna masa shafin littafin kamfani.

Wajen fesa fenti mai hadina, wato sinadarin da ke sa shi ya taurare, ƙyallen rufe hanci baya tare gubar da ke cikinsa, mai fentin ya nemi abin shaƙa mai kawo iska daga waje.

TAMBAYA: Malam Ford F-1 ce ta 1950, in ta yi zafi da ƙyar kik yake juyawa. An ce in maida ƙarfin lantarkinta daga bolt 6 zuwa bolt 12, wani ma yace in cire injin in sa na zamani in huta.

AMSA: A'a ɗan'uwa, duka biyun kar ka yi. Ford sai 1956 ta koma bolt 12, Chevrolet 1955, taka bolt 6 ce kuma kan fositif na batir ne ke zuwa jikin bodi, ba negatif ba kamar motocin yanzu, wannan kaɗai ya ruɗa masu lantarki da yawa. Mafi yawan lokuta matsalar wayar batir ce, an sa mata siririya irin ta motocin yanzu alhali bolt 6 yana jan ninkin wutar da bolt 12 ke ja don yin aiki ɗaya, to sai waya ta yi zafi kik ya rasa ƙarfi. Ka sa mai kauri sosai, ka kankare fenti a inda wayar ƙasa ke kama shasi da inji, a buɗe kik a canza masa burushi da bushin, a duba tayimin, zaka ga bambanci. Motocin nan sun yi shekaru suna tashi da sanyin asuba da bolt 6 ɗinsu.

Injin kuma shine rabin darajar motar. Inda ido baya gani zaka iya kyautatawa, misali a sa mazaunin bawul masu tauri tunda fetur mai dalma da ke kare su an daina sayar da shi ga motoci a duniya tun 2021, a canza tiyon mai da fatar famfon mai zuwa wanda ke jure etanol. Birki dai ba a yi masa rowa, sabbin bututu, sabbin robobi, silindar da ta rarake a sa mata hannun riga, wato siririn bututun ƙarfe, ta ciki a bar siffarta ta waje yadda take. Masu motocin gasa da dama suna son man birki DOT 5 domin baya cin fenti in ya ɗiga, amma ba a gauraya shi da man birki na yau da kullum DOT 3, sai komai sabo ne.

TAMBAYA: Baba ina wuni. Mahaifinmu ya rasu ya bar Bedford TJ, fentinta na asali ne ya koɗe, har sunan da ya sa aka rubuta a ƙofa da hannu yana nan. Yayyena suna so a kankare a yi sabo mu kai ta baje koli, ni kuma raina baya so amma ban san me zan ce musu ba. Kuma bajin gaba, wato tambarin kamfanin, da fitila ɗaya sun ɓata.

AMSA: Allah ya jiƙan mahaifinku 'yata, ya sa ya huta. Ki ce musu ba dole sai an yi sabon fenti mota ke shiga baje koli ba. Ita AACA ɗin da na ambata tana da rukuni na musamman na motocin da ba a taɓa su ba, ƙungiyar tsofaffin motoci ta duniya FIVA ma a Yarjejeniyar Turin da ta fara aiki a 2013 ta fifita a adana abin da ke asali gwargwadon iko a kan a maye shi da sabo. Sabon fenti ko bayan shekara goma ana iya yinsa, wannan rubutun na ƙofa kuwa in sanfefa ta bi ta kansa babu mai dawo muku da shi. Ina bayanki a wannan.

Sharaɗin kawai a duba shasi da ƙasan ɗakin direba da wurin da sifirin ke kamawa, idan tsatsa ta huda su gyara ya zama dole, amma ana iya yinsa ta ƙasa ba tare da an taɓa fatar waje ba. Fentin a wanke shi da sabulu mai laushi da hannu, kar a sa injin goge-goge domin ya riga ya yi siriri, a shafa masa kakin mota, wuraren da tsatsa ta fara ja a tsayar da ita da maganinta. A ajiye ta a inuwa wurin da iska ke ratsawa, kar a naɗe ta da leda tana tara gumi.

Baji da fitila kuma kin yi sa'a, TJ tun 1958 aka fara yin ta a Ingila kuma an ci gaba da haɗa ta a Indiya da Pakistan shekaru masu yawa, kayanta basu yi wuyar na Diamond T ba. Ki nemi ƙungiyoyin masu tsofaffin motocin kaya, kamar Historic Commercial Vehicle Society masu jerin gwanon Landan zuwa Brighton duk shekara, membobinsu sun san wanda ya ajiye me. Ki nemi tsohon baji wanda ya koɗe daidai da motar, sabo fil zai fita daban a jikinta. Kafin a saya ki auna tazarar ramukan da ke jikin bonet ki tura wa mai sayarwa da hoto, don a tabbatar zai zauna daidai.