Gwajin otizim, nonon raƙumi da kwamfutar hannu: amsoshin wasiƙunku

Wata uwa daga Ƙofar Ƙaura a Katsina ta rubuto: "Anti, ɗana ya shekara biyu da rabi, ko mama bai iya cewa ba. In na kira sunansa ba ya waiwayowa, amma da ya ji ƙarar ledar biskit sai ya taho a guje. Yana jera takalma a layi, in an taɓa ɗaya ya dinga ihu. Kakarsa ta ce babansa ma sai da ya shekara uku ya buɗe baki. An ba ni lambar wata cibiya a Abuja mai gwajin otizim, kuɗinta ya kai albashin babansa na wata biyu, ban da mota da masauki. In sayar da ɗan kunnena in je?"

'Yar'uwa, ajiye ɗan kunnenki tukuna, amma ki kai yaron asibiti cikin makon nan. Rashin kalma ko ɗaya a wata 30, da rashin waiwaye in an kira shi, sun isa dalilin a duba ko otizim ne, wato yanayin ginuwar ƙwaƙwalwa da ke shafar maganar yaro da mu'amalarsa, wanda wasu ke kira galahanga. Maganar Hajiya kuma ki karɓa da ladabi, sannan ki tambaye ta: a lokacin da babansa bai fara magana ba, yana nuna abu da yatsa? Yana kawo mata abin wasa don ta gani? Yaron da nauyin baki kawai gare shi yana zance da ido da hannu, ya nuna akuya ya juyo ya kalle ki. In ɗanki sai dai ya ja hannunki ya ɗora a kan abin da yake so ba tare da ya dubi fuskarki ba, wannan shi ne abin da likita zai fi son ji.

Kuɗin farko a kan gwajin ji za ki kashe shi. Jin ƙarar leda ba ya nufin yana jin magana sarai, kuma a ƙasarmu sanƙarau, ƙyanda, shawarar jarirai da ciwon kunne mai ruwa sun taɓa jin yara da yawa. Ki fara da sashen yara na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina, wanda muka saba kira FMC, ko asibitin mata da yara na Turai 'Yar'aduwa. Ki roƙi a tura ku sashen kunne. In ana bukatar ƙwararren da ba a samu a gida ba, takardar turawa za ta kai ku Asibitin Malam Aminu Kano, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Za ki sha layi, amma kuɗin bai kama ƙafar wancan ba.

Ki riƙe wannan da kyau, don a nan ake cutar iyaye: babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da ke nuna otizim. Ana gane shi ne ta hanyar doguwar hira da iyaye tun daga goyon ciki, da zama a kalli yadda yaro ke wasa da mu'amala, wani lokaci a zuwa fiye da ɗaya. Akwai takardar tambayoyi 20 mai suna M-CHAT-R, ta yara 'yan wata 16 zuwa 30. Kyauta take a intanet, kuma aikinta nuna wanda ya kamata a ƙara dubawa ne kawai. Duk wanda ya cike ta cikin minti goma ya yanke wa ɗanki hukunci bai yi aikin kuɗinsa ba. In daga baya kin ga sai cibiyar kuɗin, ki tambaya tun a waya: wa zai duba shi, me ya karanta, awa nawa za a ɗauka, kuma za a ba ki rahoto a rubuce mai faɗin abin da za ki riƙa yi a gida? Kafin ranar asibiti, ki ɗauki bidiyonsa a waya yana wasa, yana ci, da lokacin da kike kiransa. Yaro a gaban baƙo daban yake.

Wani magidanci daga Daura ya ce: "An tabbatar 'yata mai shekara biyar tana da otizim. Na ga mai tallar ƙwayoyi a Facebook, wai suna wanke ƙwaƙwalwa cikin wata uku. Wasu sun ce nonon raƙumi. Surukata kuma ta hana a yi wa ƙaninta rigakafi, wai shi ya jawo."

Malam, kar ka sayi ƙwayoyin nan. Har yau babu maganin da ke warkar da otizim, domin yanayin ginuwar ƙwaƙwalwa ne, kuma gado na da babban hannu a ciki. Likita kan ba da magani ne don abin da ke rakiyarsa, kamar farfaɗiya, rashin barci ko fushin da ke kai yaro ga ji wa kansa ciwo. Ko maganin risperidone da ake bayarwa a irin wannan hali yana sa ƙiba da yawan barci, shi ya sa ba a sayensa a kemis da ka. Nonon raƙumi abinci ne, in tana so a tafasa a ba ta, don ɗanyensa na iya ɗauke da cuta. Babu ingantacciyar hujjar cewa yana magani.

Batun rigakafi ya fi damuna. Jita-jitar ta samo asali daga wani rahoto da likitan Ingila Andrew Wakefield ya fitar a wata mujallar likitoci a 1998. An gano maguɗi a ciki, mujallar ta janye shi a 2010, aka kuma soke lasisinsa. Binciken da aka yi a kan dubban ɗaruruwan yara bai sami alaƙa ba. Alamun otizim kan fito fili ne a shekarun da ake zuwa rigakafi, shi ya sa iyaye ke haɗa su. Ka zauna da Hajiya cikin girmamawa, in ta kama ka tafi da ita wurin likita ta ji da kunnenta. Ƙyanda tana kisa, kuma tana kurmantarwa.

Addu'a kuwa a dage da ita. Abin da nake roƙo shi ne kar a bari wani ya turara mata hayaƙi a rufaffen ɗaki, ko ya doke ta, ko ya ɗaure ta da sunan fitar da iska. Kuɗin ƙwayoyin ka kai wa mai koyar da magana, ko da sau ɗaya a wata ne, ya nuna wa mahaifiyarta abin da za ta riƙa maimaitawa a wurin wanka da cin tuwo.

Wata goggo daga Sabuwar Unguwa ta tambaya ko ta saya wa ɗan ƙaninta mai shekara huɗu kwamfutar hannu don ya koyi magana.

Goggo, ban ba ki shawarar haka ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro ɗan shekara 2 zuwa 4 kar ya wuce awa ɗaya a rana gaban allon waya ko talabijin, kuma yaron da ke gudun mutane zai sami mafaka ne a ciki. Ki ɗauki hoton kofinsa, buta, fura, tabarmarsa da ƙofar gida, ki kai a wanke a liƙe su da leda. Duk lokacin da yake son abu, a riƙe hannunsa ya miƙo hoton, a faɗi sunan abin, sannan a ba shi nan take. A fara da hoto biyu na abin da ya fi so, in ya gane su a ƙara na uku.