Shafin Lafiyarku: Na bar istimna'i, sai barci ya ƙaurace mini

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni ɗalibi ne, shekarata 24. Na kai shekara 8 ina istimna'i kusan kullum, galibi da kallon batsa a waya. Yau kwana 11 da na bari. Amma tun kwana na 3 ba na samun barci sai wajen ƙarfe 3 na dare, abu kaɗan ke tunzura ni, karatu ba ya shiga, marata da 'ya'yan maraina sun yi nauyi, sau 2 kuma na yi mafarki na tashi da janaba. Wani abokina ya ce maniyyi ne ya taru zai zame mini cuta, wani ya ce in riƙa shan jar kanwa da lemon tsami. Shin barin ne ke yi mini illa? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanenmu. Barin ba ya yi maka illa. Wanda ya shekara yana shan giya ko ƙwayar Valium, in ya yanke kwatsam yana iya kamuwa da jijjiga har ta kai shi ga halaka, shi ya sa a asibiti ake raba shi da su. Istimna'i ba ya cikin wannan sahun. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a kundinta na cututtuka na 11 da ya fara aiki a 2022, ba ta ajiye kasa riƙe sha'awa tare da shaye-shaye ba, ta sa shi cikin matsalolin kasa danne abin da zuciya ta raya. Abin da ke damunka wahalar sabo ce. Shekara 8 jikinka ya san hanya ɗaya ta sauke gajiya, ta kashe kaɗaici, ta jawo barci. Ka toshe ta rana ɗaya ba ka buɗe masa wata ba, dole ya yi ta kai-kawo. Galibin masu bari suna cewa makonnin farko ne suka fi tsanani, daga nan abin ya riƙa sassautawa.

Mu fara da barci, domin shi ne tushen fushin da rashin shigar karatun. Bayan inzali jiki na sakin sinadaran da ke sanyaya gaɓɓai, kai kuma ka mai da wannan maganin barcinka. Yanzu sai an koya wa jiki barci daga farko. Ka tsai da lokacin tashi guda, ko da ƙarfe 3 ka samu runtsawa: ka tashi da Asuba, kada ka rama da barcin hantsi. In ƙailula ta zama dole, minti 20 zuwa 30, kafin La'asar. Goro, shayi mai kauri, Nescafe da lemon ƙara kuzari duk ka ajiye su daga Azahar, saboda rabin sinadarin da ke cikinsu yana nan a jini bayan awa 5. In ka kwanta ka kai kamar minti 20 ido biyu, kada ka zauna juyi a gado, nan ne ake faɗawa. Tashi ka koma tabarma, haske kaɗan, ka karanta wani abu na takarda, sai hamma ta zo ka koma. Ko sau 3 ne a dare ɗaya, ka yi.

Waya kuwa ba ta kwana kusa da kai, wannan babu sassauci a cikinsa. Ka bar ta a caji inda sai ka taka ka je, ko ka damƙa wa abokin ɗaki bayan Isha, ka nemi ƙaramar waya mai madannai don ƙararrawa. Ka daina sayen garaɓasar datar dare. Ka fita daga zaurukan Telegram da shafukan X da ka sani, ka kunna SafeSearch mai tace batsa a binciken intanet, ka sa wa waya iyakar lokaci ta Digital Wellbeing ko Screen Time da ke cikin saitinta. Wanda ya riƙe lambar sirrin wannan kullen a kansa zai buɗe da hannunsa ƙarfe 1 na dare, don haka a ba wani amintacce ya sa. Ba a fafe gora ranar tafiya: da rana, sa'ad da hankali ke kwance, ake wannan shirin.

In sha'awar ta taso, kallonta za ka yi kamar hadari. Yana haɗuwa, gari ya yi duhu, ka rantse sai ya zuba, can iska ta baje shi. Yawanci ba ta wuce minti 15 zuwa 30 a ƙololuwarta in ba a ciyar da ita ba. Aikinka shi ne ka ci wannan rabin awar a tsaye. Miƙe, buɗe ƙofa, bar ɗakin, yi alwala da ruwan sanyi, ka yi tafiyar sauri ta minti 10 zuwa 15 ko ka shiga cikin mutane. Kuskuren da ake yawan yi uku ne. Akwai mai kokawa da tunanin yana cewa "kada in tuna", alhali tunani in an kore shi da ƙarfi dawowa yake da ƙarfi. Abin da ya fi shi ne ka ce a ranka "ga ta nan ta zo, za ta wuce", ka ci gaba da abin da kake. Akwai mai cewa "bari in leƙa kaɗan in gwada kaina", wannan ya riga ya zame. Sai kuma mai kallo ko taɓawa ya tsaya kafin inzali yana ganin ai bai karya ba. Shi ne ya fi kowa shan wuya.

Wannan na ƙarshen shi ke kawo nauyin mara da maraina. In sha'awa ta motsa jini na taruwa a al'aura, in ta daɗe ba ta sauka ba sai wurin ya yi tsami. Yana wucewa da kansa cikin mintuna ko 'yan sa'o'i. Tafiya na taimakawa, haka tsumma mai sanyi na minti 10, da gajeren wando mai tallafe maraina. In ya matsa, farasitamol mai milgiram 500 guda 2, tazarar awa 6, kada ya wuce guda 8 a awa 24. Amma ga abin da ba a jira da shi: ciwo mai tsanani da ya faɗo kwatsam a ɗan maraina ɗaya, da amai ko tashin zuciya, wani lokaci ɗan ya haye sama. Wannan murɗewar igiyarsa ce, kuma awa 6 ne kusan lokacin da ake da shi a ceto shi da tiyata, ko tsakar dare ne a nufi asibiti. Kumburi da zazzaɓi, zafin fitsari ko fitar mugunya, alamar ƙwayar cuta ce. Ƙullutu mai tauri mara ciwo shi ma a nuna wa likita. Haka miƙewar gaba da ta wuce awa 4, musamman ga mai sikila.

Maganar taruwar maniyyi ba ta da tushe. Wanda bai fita ba jiki ke narkar da shi ya shanye, wani kuma ya fita ta mafarki. Mafarkin nan ba komawa ruwa ba ne, kada ka lissafa shi faɗuwa. Wankan janaba kawai ya hau kanka, babu laifi a kai, ko da rana cikin azumi ya same ka azuminka na nan. Ruwan nan mai yauƙi da ke fitowa lokacin sha'awa kuwa maziyyi ne, a wanke gaba a sake alwala.

Jar kanwa da lemon tsami ba su kashe sha'awa. Kanwa gishirin sodiyam ce, yawan shanta na ɓata ciki, yana kuma iya ɗaga hawan jini. Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne saurayi ya je kemis neman D5 (wato Valium), Tramadol ko maganin tari mai kodin don ya samu barci. An gudu ba a tsira ba ke nan, domin waɗannan su ne masu kama jiki na gaske. Azumin da Annabi (SAW) ya umarci matasan da ba su da halin aure da shi, a hadisin Ibn Mas'ud, yana da amfani, kuma Litinin da Alhamis sun isa mafari. Sai dai ka yi sahur sosai, yunwa a kan rashin barci tana ƙara fushi. Ka haɗa da motsa jiki na minti 30, kwana 5 a mako, ƙwallo ko gudu, da yamma ba dab da kwanciya ba.

In ka zame, ga inda ake asara. Masanin halayyar ɗan Adam Alan Marlatt na Jami'ar Washington ya bayyana yadda mai barin wani sabo kan ce "tunda na karya, shi ke nan", sai zamiya ɗaya ta zama ta mako guda. Ka daina ƙirgen kwana a jere da ke komawa sifiri. Ƙirga na wata: wanda ya saba kwana 30 cikin 30 ya dawo 3, ya yi nisa. Ka rubuta a takarda ƙarfe nawa abin ya faru, a ina, me kake ji kafin nan, gajiya ce, ɓacin rai ko zaman banza. Cikin mako 2 za ka ga ƙofar da yake shigowa, sai ka toshe ta.

In baƙin ciki ya zauna maka fiye da mako 2, komai ya fita ranka, ko ka kai wata 6 kana gwadawa abin na cin karatunka, ka je sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Shika ko asibitin Barnawa a Kaduna. Akwai jinya ta tattaunawa, akwai magungunan da likita kaɗai ke rubutawa, masu ɗaukar mako 4 zuwa 6 kafin a ga aikinsu. Tunanin kashe kai kuwa, ranar da ya zo ranar za ka gaya wa wani ka je.

Tambaya: Likita barka da aiki. Ni budurwa ce 'yar shekara 21. Na bari wata 2, amma duk wata akwai kwanakin da sha'awa ke taso mini sosai tare da farin ruwa mai yauƙi. An ce mini abin da na yi a baya zai hana ni haihuwa. Daga wata 'yar'uwa a Maraɗi.

Amsa: Ƙanwarmu, kwantar da hankalinki, istimna'i ba ya hana haihuwa. Kwanakin da kike faɗa na sakin ƙwai ne, kimanin kwana 14 kafin al'ada ta gaba, lokacin da sinadaran jikin mace ke ɗaga sha'awa. Ruwa mai kama da farin ƙwai, mara wari mara ƙaiƙayi, alamar lafiya ce. Ki riƙa rubuta ranar da al'adarki ke zuwa, wata 3 sun isa ki gane kwanakin nan tun kafin su iso. In sun gabato, ki rage zama ke kaɗai a ɗaki, ki kwana da 'yar'uwa, ki ajiye waya da littattafan batsa da ake turawa ta WhatsApp, sauran matakan da muka ba ɗan'uwanki na sama duk sun shafe ki. Kada ki cusa komai a gaba da sunan maganin sanyi ko matsi. In ruwan ya koma ruwan ɗorawa ko kore, ko ya zo da wari, ƙaiƙayi ko ciwon mara, ki je asibiti a ɗauki samfurinsa a auna kafin ki sha kowane magani.