Kwas ɗin likitan 'yan wasa: kafin ka tura kuɗi, bincika takardar

Wani matashin likita daga Birnin Kebbi ya rubuto cewa ya gama hidimar ƙasa, yana son ya zama likitan 'yan wasa, amma ya rasa ta ina zai fara.

Dakta, fara da horon neman ƙwarewa kamar kowa. Zauna jarrabawar farko ta kwalejin ƙwararrun likitoci ta ƙasa da ke Ijanikin a Legas, ko ta kwalejojin Afirka ta Yamma, ka nemi gurbi a likitancin iyali ko tiyatar ƙashi. In ƙashi ne, ga asibitin Dala a Kano. Kafin nan, FIFA na da difloma ta likitancin ƙwallon ƙafa a intanet, kyauta ce, data kawai za ka kashe. Yi ta. Sannan ka riƙa leƙa filin wasa na Haliru Abdu ranar wasa, ka ga targaɗe da tsagewar jijiya da idonka.

Wani kuma daga Gusau ya ce an turo masa talla a WhatsApp: takardar zama ƙwararre a fannin cikin mako shida, ba jarrabawa, a biya da dala, guraben sun kusa cika. Yana tambaya ko ya biya.

Kada ka biya ko kwabo. Kai da ka kwashe shekara shida a makarantar likita, ka ƙara da shekarar gwaji a asibiti, ta yaya za ka yarda ana zama ƙwararre a mako shida? A Ingila sai a 2005 aka amince da wannan fanni a matsayin ƙwarewa mai zaman kanta, kuma shekaru ake yi ana horo. Hatta diflomar kwamitin Olamfik na duniya, wadda ake yi daga gida, shekara biyu take ci. Masu irin wannan talla sun gane muna son jera haruffa a bayan suna, shi suke sayar mana: takarda mai hatimi da ruwan zinariya, wadda ba ta da banbanci da jabun maganin da muke hana majiyyata saye.

Abin da ke ci min rai shi ne rayukan da ke bayan takardar. A watan Agusta 1989 ɗan ƙwallon Najeriya Samuel Okwaraji ya faɗi a filin wasa na ƙasa a Legas ana karawa da Angola, bai tashi ba. A 2020 Chineme Martins na Nasarawa United ya faɗi a garin Lafiya, shi ma ya rasu. Christian Eriksen na Denmak ya faɗi a 2021, zuciyarsa ta tsaya, amma aka danna masa ƙirji nan take aka sa masa na'urar farfaɗo da zuciya, ya rayu har ya koma taka leda. Mintocin farkon nan hannu ne ke aiki, kuma hannu ba ya koyo sai an tsaya a kansa ana gyara shi. Ƙungiya ta ɗauke ka saboda takardar bogi, ɗan wani ya faɗi a gabanka, me za ka yi? Haka in ɗan dambe ya sha naushi a ka ya tashi yana layi, jama'a na ihu a ci gaba, kai ne za ka ce a'a. Har magani sai ka sani: tun Janairu 2024 hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ta haramta tramadol a lokacin gasa. Ka rubuta shi cikin rashin sani, ka ja wa yaro dakatarwa.

Don haka duk kwas ɗin da aka tallata maka, tambayi wace jami'a ce ke ba da takardar, ka shiga shafinta da kanka ka gani. Tambayi a wane asibiti za ka taɓa majiyyaci. Rubuta wa hukumar likitoci ta MDCN ka ji ko tana yi wa takardar rajista. In kuma asusun da aka ba ka na mutum ne ba na makaranta ba, magana ta ƙare.

Wani dattijo manomin shinkafa daga Argungu ya ce ɗiyarsa likita ta samu gurbin digiri na biyu a likitancin 'yan wasa a Ingila, yana shirin sayar da fadamarsa, hankalinsa a tashe.

Baba, Allah ya saka maka da alheri, ya sa ka ci moriyarta. Amma kada ka taɓa fadamar nan tukuna. Digirin na gaskiya ne in jami'ar sananniya ce, sai dai shi kaɗai ba ya mai da likita kwansaltan, wato babban ƙwararre, a can ko a nan, kuma da fam ake biya, ka san yadda canji yake. Ta roƙi a ɗage mata gurbin zuwa baɗi, jami'o'i da yawa suna yarda, ta nemi tallafin karatu na Chevening ko Commonwealth. Ta kuma duba Afirka ta Kudu, jami'o'in Cape Town da Pretoria suna koyar da fannin. Jinkirin shekara guda ba zai rage ta da komai ba, 'yan wasa mata kuwa suna matuƙar buƙatar likita mace.

Mai tambaya ko wannan kwas zai sa ya riƙa bin Super Eagles ƙasashen waje: in jirgi kake nema, ka ɓata mana wuri. Yawancin aikin a nan yake, tsakanin masu ciwon suga da hawan jini da ke buƙatar a tsara musu motsa jiki, da yaran makaranta masu gudu cikin zafin Afrilu ba ruwa a kusa.