Jazz ɗin matasan Landan: amsa ga mai tambaya

Ɗan'uwa, ka tambaya wai kiɗan nan da matasan Birtaniya ke kira jazz, wanda ka ji ya fi kama da na gidan rawa, jazz ne na gaskiya ko sunan kawai suka ara, kuma da wa ya kamata ka fara. Ni ba makaɗi ba ne, ko sandar ganga ban iya riƙewa ba. Amma na daɗe zaune a kudancin Landan, kuma kuɗin da na zubar a ƙofar wuraren kiɗan nan, da tarawa na yi da tuni na sayi fili a gida. Abin da idona ya gani zan faɗa maka.

A 2018 wani abokin aikina ya ja ni Deptford, wurin wani taron kiɗa na ranar Laraba da ake kira Steam Down, a wani ɗan lungu ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa. Da na ji an ce jazz, sai na ci ado da kwat, a zatona kujera za a ba ni in zauna ina gyaɗa kai kamar dattijo. Ashe babu kujera, babu ma dandamali. Makaɗan na tsakiya, mu mun kewaye su, har kana jin iskar ƙahon a fuskarka. Kafin rabin sa'a kwat ɗin ta koma hannu, rigar ciki ta jiƙe sharkaf. A daren nan na gane cewa tambayar da ka yi, wadda ni ma da ita na shiga, ba ta dami kowa a ɗakin ba.

Sirrin yana wurin mai ganga. Yaran nan sun tashi ne da jungle da garage da grime a kunne, kiɗan da ake haɗawa da na'ura a ɗaki. Masu jungle a shekarun 1990 tsofaffin fayafayai suke ɗauka, su yanko wurin da mai ganga ya yi bugu shi kaɗai, su daddatsa shi, su ƙara masa gudu har ya kai wajen bugu 160 zuwa 170 a minti. Wato hannun mutum ne aka mayar na'ura. To masu ganga irin su Moses Boyd da Yussef Dayes sai suka juya abin: suka zauna suka koyi buga wannan daddatsattsen kiɗan da hannu da ƙafa. Bambancin kuwa babba ne. Na'ura ba ta ganin mai rawa. Mai ganga yana gani, kamar yadda mai kalangu ke kallon ƙafar yarinya a dandali ya sauya mata kiɗa. Idan ɗaki ya ɗauki zafi sai ya ƙara wuta, mai saksafon ya bi shi da abin da bai taɓa busawa ba sai a lokacin. Wannan ƙirƙira ta nan take ita ce jazz ɗin, kuma tana nan daram.

Haka ma ɓangaren bas. Theon Cross tuba yake busawa, wannan ƙaton ƙahon na 'yan badujala, amma aikin da yake sa ta shi ne na manyan lasifikokin 'yan Jamaika, sautin da kake ji a ƙirji kafin kunne. A ƙungiyar Sons of Kemet ta Shabaka Hutchings mai saksafon, inda Theon ɗin ya yi busa, ganga biyu ne, tuba ɗaya, saksafon ɗaya, shi ke nan, babu fiyano babu jita, amma ba ka iya tsayawa wuri ɗaya. Shi Shabakan ya yi wata ƙungiyar, The Comet Is Coming, har zuwa 2023, inda ya haɗa ƙahonsa da na'urorin sauti na lantarki, can kam idan ka rufe ido sai ka rantse DJ ne. 'Yan Manchester kuma, GoGo Penguin, fiyano ne da bas da ganga, suna kwaikwayon maimaicin kwamfuta da kayan katako. Su sun fi dacewa da zama, ni a mota nake jin su.

Kada ka ɗauka daga sama abin ya faɗo. Jazz tun asali kiɗan rawa ne, a shekarun 1930 cika ɗakunan rawa yake yi a unguwar Harlem ta New York, daga baya ne ya koma na zaman shiru. A Landan ma, ƙarshen shekarun 1980 wani DJ mai suna Gilles Peterson yana sa fayafayan jazz ranar Lahadi a gidan rawa na Dingwalls mutane suna taka rawa. Sannan akwai makarantar da kusan dukkansu suka ratsa, Tomorrow's Warriors, wadda Gary Crosby da Janine Irons suka kafa a 1991, suna koyar da yara kyauta, musamman baƙaƙen fata da 'yan mata. Nubya Garcia, Moses Boyd, 'yan Ezra Collective, duk a can suka goge. Shi ya sa za ka ga sunan wannan a faifan wancan, tare suka girma.

Abin da zai fi maka daɗi, akwai hannun Najeriya a ciki dumu-dumu. Fela ya zo Landan a 1958 ya yi karatun kiɗa a kwalejin Trinity, wadda yanzu ake kira Trinity Laban, kuma da yawa daga cikin yaran nan can suka yi karatu. Femi Koleoso, mai gangar Ezra Collective, da ƙaninsa TJ mai bas, iyayensu 'yan Najeriya ne, kuma duk wanda ya san bugun marigayi Tony Allen, mai gangar Fela, zai ji shi a hannun Femi. Ƙungiyar Kokoroko kuwa afrobeat da highlife ne ginshiƙinsu. A 2023 Ezra Collective suka ci kyautar Mercury, babbar kyautar kiɗa ta Birtaniya, karon farko da 'yan jazz suka ɗauke ta.

Amma gaskiya ɗaya ce, ba duka ne zinariya ba. Na sha biyan kuɗi in tarar da ƙungiya ta kama zagaye ɗaya tana nanatawa minti goma sha biyar, mai ƙaho yana ta ihu ba inda ya nufa. A cikin taro, da zufa da hayaniya, sai ya wuce. Ka sa irinsa a gida washegari, ka ji fanko. Dattawan jazz da ke ƙorafin cewa wasu yaran sun fi ƙwarewa a tayar da ɗaki fiye da zurfin busa, ba ƙarya suke yi gaba ɗaya ba. Ni ma'aunina shi ne, idan makaɗan na sauraron juna, wannan ya jefa wancan ya cafe, to na yarda. Idan kowa jiran layinsa kawai yake yi, kiɗan biki ne, kuma ba laifi ba ne.

Wajen farawa, nemi We Out Here, kundin da kamfanin Brownswood na Gilles Peterson ya fitar a 2018 ƙarƙashin jagorancin Shabaka. Ƙungiyoyi daban-daban ne a ciki, wanda ya kama ka sai ka bi sawunsa. Daga nan ka fifita bidiyon wasan kai tsaye a kan na situdiyo, kuma don Allah ba da lasifikar waya ba, domin tana cinye bas ɗin, rabin kiɗan ke nan. Idan ka ci karo da sababbin ayyukan Shabaka ka ji sarewa a hankali, ba kuskure ka yi ba: Sons of Kemet sun watse a 2022, shi kuma ya ajiye saksafon a ƙarshen 2023 ya rungumi sarewa. In Allah ya kawo ka Landan, ka sani yawancin wuraren ana sayar da giya, ni lemona nake saya in nemi kusa da mai ganga. Kwat kuma ka bar ta a gida.