Masta, ƙarar nan ta ƙafar motata boris ne ko taya? Juma'a zan ɗauki iyali zuwa Tamale

Tambaya: Salamu alaikum Masta. Ina da Corolla ƙirar 2010, da ita nake ɗan neman abinci cikin gari, a Aboabo nake zaune nan Kumasi. Sati uku kenan ina jin wata ƙara daga gaba, wuuu wuuu kamar jirgi na wucewa can nesa, in ina tafiya a hankali ba na ji sai na wuce 50 ko 60. Na kai wa wani fita, wato makanike, a layinmu, ya ɗaga ta ya jijjiga tayar yace ba ta rawa don haka boris lafiyarsa lau, ya ƙara ɗaure babban notin tsakiya ya shafa giris yace in je. Ta ɗan lafa kwana biyu ta dawo, yanzu ma har ta fi da. Abin da ya hana ni barci shi ne Juma'a mai zuwa zan ɗauki Hajiyarmu da mai ɗakina da yara biyu mu je biki Tamale. Shi dai fitan yace za ta kai ni ta dawo da ni. Don Allah ka gaya min gaskiya.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Gaskiyar da ka nema ita ce kar ka saka Hajiya a motar nan ka hau hanyar Techiman sai an gano inda ƙarar take an gyara. Daga nan zuwa Tamale kusan kilomita 400 ne, da gudu, da kaya cike da but, da zafin rana, kuma su ne abubuwa ukun da ke ƙarasa boris ɗin da ya riga ya fara ci. Yadda ka kwatanta ƙarar, wadda ke zuwa da gudu tana ƙaruwa sati bayan sati, ni zuciyata ta fi karkata ga boris, amma ban ji da kunnena ba, don haka ga yadda za ka tabbatar tun kafin ka biya kowa ko sidi ɗaya.

Ka fita da safe ka samu hanya mai santsi wadda ba cunkoso, ka kashe rediyo ka rufe gilashi. In ka kai gudun da ƙarar ke fitowa ka ɗaga ƙafa daga totur. Ƙarar inji za ta sauka, ta boris kuwa ba ruwanta da inji, gudun taya take bi, tana nan sai motar ta rage gudu. Daga nan ka ɗan karkata sitiyari hagu sannan dama a hankali, kamar mai kauce wa rami, ba fizga ba. In ka karkata hagu nauyin mota na komawa ƙafafun dama, to in ƙarar ta ƙaru a lokacin ta kuma lafa in ka karkata dama, yawanci boris ɗin dama ne. Yawanci nace, don na sha ganin wanda ya saɓa, shi ya sa ba a kwance ƙafa da wannan gwajin kaɗai. Taya ma tana irin wannan kukan in ta ci gefe guda ko ta yi tudu-tudu, sai dai kukan taya yana canza murya in ka sauka daga sabuwar kwalta zuwa tsohuwa, kuma in ka shafa tafin hannunka a kanta za ka ji kaifi-kaifi kamar haƙoran zarto. Mai faci zai mayar maka da tayoyin gaba baya, in ƙarar ta bi su ta koma baya ka huta, taya ce. In kuma ƙas ƙas ƙas kake ji lokacin da ka murɗe sitiyari gaba ɗaya kana juyawa a hankali, wannan shaf ne, sandar da ke juya taya, maganarsa daban.

Yanzu bari in zo kan abin da fitan ka ya yi, don shi ne ya tayar min da hankali, kuma kusan kullum sai an shigo min da mota shago a Magazin, unguwar makanikai ta Kumasi, an riga an yi mata wannan aikin. Wai taya ba ta rawa to boris na da lafiya, wai a ɗaure noti a cusa giris mota za ta kai ka. Wallahi wannan maganar ta fi ramukan hanya cin ƙafar mota a garin nan.

Asalin maganar ba ƙarya ba ce, lokacinta ne ya wuce. Mu da muka koyi aiki a kan tsofaffin Benz 207 da tsofaffin fikof, boris ɗin gabansu guda biyu ne masu tsini, na ciki da na waje, ana kwance su a wanke da kananzir a duba, a cika da sabon giris, a mayar a saita noti daidai, ba sako-sako ba kuma ba a matse ba, a saka fin. A irin wannan in taya na ɗan rawa, eh, ana saitawa. Amma Corolla ɗinka ba haka take ba. Nata na gaba guda ɗaya ne rufaffe, layi biyu na ƙwallaye a ciki, giris ɗinsa tun daga kamfani aka zuba aka rufe da roba ta kowane gefe, sannan aka danna shi cikin ƙarfen ƙafar da injin matsa. Giris ɗin da mutumin nan ya shafa maka ko ɗigo bai shiga ciki ba, yana nan a waje yana tara ƙura. Shi kuma notin tsakiya ba na saiti ba ne, yana da awon ɗaurinsa da kamfani ya yanke, a wannan Corollar Newton-mita 216 ne a sifana mai awo, in ya kai sai a doke bakinsa cikin tsagin shaf don kar ya warware. To mutum ya zo ya buɗe wannan dokin, ya zura dogon fayif a sifana ya hau da ƙafa yana tsalle, me ya gyara? Ƙarfen da ƙwallayen ke gudu a kai ya riga ya ɓarɓashe ya yi ƙananan ramuka, ɗauri ba ya cike rami. Mai yiwuwa notin dama ya ɗan saki shi ya sa ka ji sauƙin kwana biyu, amma cutar tana ciki tana ci.

Kuma batun rawa, don Allah a riƙe wannan, irin wannan rufaffen boris yana iya kuka wata da watanni ba tare da taya ta motsa ko kaɗan a hannu ba. Kuka shi ne farko, rawa ita ce kusan ƙarshe. Duk wanda yace maka sai ta fara rawa za a canza, yana ce maka ne ka jira sai abin ya kusa rabuwa. Ko a tsofaffin motocin ma da ake saitawa, in ka matse noti fiye da kima don ka kashe rawar boris ɗin da ya ci, zafi yake yi, giris ya narke ya ƙone, ƙarfe ya kama ƙarfe. Na taɓa karɓar wata trotro, bas ɗin haya, da aka jawo min daga wajen Offinso, direban yace tun daga tasha met ɗinsa, wato kwandasta, ke zuba wa ƙafar ruwan leda duk inda suka tsaya saboda tana hayaƙi, da muka kwance boris ya narke ya manne da sandar ƙafar ya zama shuɗi, sai da muka yanka da wuta. Tayar ta fita ne suna tafiya da fasinja cike, Allah ya taƙaita a hankali yake saboda ya ji motar na ja gefe. Kwana biyu kafin nan an ɗaure masa noti an ce ya je. Har yau in na tuna fuskar matan da ke cikin motar nan raina ɓaci yake, don kuɗin boris ɗin bai kai abin da ya kashe wajen jawo motar ba.

Abin da ke ƙona min rai kuma shi ne ba mugunta ce ke sa yawancin yaran nan yin haka ba, abin da suka ga mastansu na yi ne shekara ashirin da suka wuce, motoci sun canza su ba su canza ba, kuma mutum ya ce ban sani ba ya zama masa abin kunya. Mu ma masu mota da laifinmu, kowa so yake a ce masa ƙaramin abu ne, wanda ya gaya maka gaskiya sai ka ce yana son cin kuɗinka ka tafi wajen mai daɗin baki. Ran mutane amana ne a hannun duk wanda ya riƙe sifana, ranar gobe za a tambaye mu. Takardar lafiyar mota da ke manne a gilashinka ma kar ta ruɗe ka, ranar da aka duba ta take ba da labari, ba yau ba.

Ga yadda fita na gari zai duba maka kana tsaye. Zai ɗaga motar ya tokare ta da kyau, ba a kan jak kaɗai ba. Zai kama tayar sama da ƙasa ya jijjiga, in akwai rawa sai wani ya taka birki a sake, in rawar ta ɓace boris ne, in tana nan a duba bol joyin. Rawar hagu da dama kaɗai ta fi zama tayarod. Sannan gwajin da na fi yarda da shi, ya kama sifirin ɗin shokazoba da hannu ɗaya ya juya tayar da ɗayan, boris mai ciwo za ka ji gurzarsa na zuwa har cikin yatsunka, a gwada ɗaya gefen ka ji bambanci da kanka. In kun dawo daga gwaji ka kai hannu kusa da tsakiyar kowace taya, kar ka taɓa, wadda ta fi sauran zafi sosai akwai magana, ko boris ko birki ne ke kamawa. A duba na baya ma, kunne na yaudara, sau da yawa mutum zai rantse gaba ne ashe baya ne. Na bayan Corolla a haɗe yake da hob ɗinsa, noti huɗu ne, kuma na'urar ABS, tsarin da ke hana taya kullewa in an taka birki, na jikinsa, shi ya sa wani lokaci in ya lalace wutar ABS ke kamawa a dashbod.

In an tabbatar, sabo za ka saya. Hom yus, wato kayan da aka yi amfani da su a waje aka shigo da su, yana da rana a wasu kayan, ni ma ina sakawa, amma ban da boris ɗin da aka ciro daga wata ƙafa, don wajen cirowa ake raba shi biyu. Ka nemi Koyo ko NSK ko NTN ko SKF a shagon da aka sani wanda zai ba ka rasit, jabu sun cika kasuwa cikin kwali mai kyau, in ka ji farashi ya faɗi ƙasa warwas ka ajiye musu abinsu. Wajen sakawa kuma ka bi ƙafar da kanka zuwa wajen masu injin matsa, Magazin cike take da su. Kar ka yarda a buga shi da guduma, bugu ɗaya na barin tabo a hanyar ƙwallayen, bayan wata biyu ka dawo kana cewa an sayar maka da jabu alhali sakawar ce ta kashe shi. Boris mai kyau da aka saka daidai yana wuce kilomita 100,000, namu nan ramuka da lodi da ruwan damina da muke kutsawa cikinsa ne ke rage masa kwana, da yaran wajen wanki da ke saita bakin ruwan matsi kai tsaye cikin tsakiyar taya.

A saka sabon notin tsakiya, tsohon an riga an wahalar da shi, a ɗaure da sifana mai awo a doke bakinsa. Tunda za a kwance ƙafar, ka wuce a yi maka alayimen. Ba dole ne ka canza gefe biyu ba in ɗayan shiru yake kuma ya ci gwaji. Aikin yini ɗaya ne in an samu kaya, ka kai ta Litinin ko Talata, ka samu kwana biyu kana yawo da ita cikin gari har ka ɗan taka ta zuwa Ejisu ka dawo kana saurare. In Alhamis ta yi ba a gama ba, ko an gama ƙarar na nan, ka je tasha ka yankar wa Hajiya da yara tikitin babbar bas, motar ta jira ka a gida. Ka gaishe min da Hajiya, Allah ya sa a yi biki lafiya.